Labarin Jam'iyyar Kwaminis Da Aka Kafa A Kano Cikin 1960

 

Abin da muke nufin kawowa yau shi ne labarin wata 'yar ƙaramar jam'iyya da aka kafa a birnin Kano cikin watan Nuwamba na 1960, watau watan da ya biyo bayan na samun mulkin kai. Sunanta Jam'iyyar Kwaminis ta Nijeriya. Ba ta taɓa cin kujera ko ɗaya a majalisa ba, ba ta cika shekara shida a duniya ba, yau kuwa da wuya ka sami mutum ɗaya cikin dubu a Kano wanda ya taɓa jin sunanta. Mai karatu zai ce, to mene ne ribar tono ta? Ribar ita ce, kukan da ya haife ta bai mutu tare da ita ba. Wanda ya zauna a nan Romi, ko Kakuri, ko Makera, inda tsofaffin ma'aikatan masaƙa suka yi gidaje, ya san maganar haƙƙin lebura da mai jari ba tatsuniya ba ce.

Da farko sai mu san abin da ake ce wa kwaminisanci, wanda Hausawa ke kira gurguzu. Asalinsa wani masani ne mutumin Jamus mai suna Karl Marx, an haife shi cikin 1818, ya mutu a Landan cikin 1883. Shi da abokinsa Engels suka dubi yadda masu masana'antu a Ingila ke wahalar da leburori, har da mata da ƙananan yara, a kan ladan da bai kai na tuwo ba. Suka yanke cewa tarihin 'yan Adam duka kokawa ce tsakanin masu dukiya da masu ƙwadago, kuma wai ba za a sami adalci ba sai ma'aikata sun ƙwace mulki, sa'an nan gonaki da masana'antu da ma'adinai da manyan hanyoyin ciniki su fita daga hannun ɗaiɗaikun mutane su koma na jama'a, hukuma na riƙe da su. Da a nan suka tsaya, da maganar ta tattalin arziki ce kurum, a yi ta muhawara. Amma suka haɗa ta da wata aƙida mai nauyi, cewa babu wani abu bayan wannan duniya da ake gani, addini kuwa a wurinsu abin lallashin talaka ne don ya haƙura da zalunci. Muna neman tsarin Allah. Lenin ya kafa mulki bisa wannan hanya a Rasha cikin 1917, Mao kuma ya kafa nasa a ƙasar Sin cikin 1949.

Iskar abin ta iso ƙasarmu ta hannun ɗalibai masu karatu a Ingila, da ma'aikatan jiragen ruwa, da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago. Ta kuwa tarar da wuta tana ci. Cikin 1945 ma'aikata suka yi yajin aiki na fiye da kwana 40, Michael Imoudu na reluwe yana gaba. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. A Kano ma, Raji Abdallah, ma'aikacin gidan waya, ya kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NEPA cikin 1946, daga baya Turawa suka ɗaure shi a kan laifin tunzura jama'a. Turawan mulki sun tsorata da wannan iska ƙwarai. Cikin shekarun 1950 aka hana shigo da littattafan kwaminis, aka hana ɗaukar wanda aka tabbatar ɗan kwaminis ne a wasu ayyukan Gwamnati, aka kuma riƙa tsaurara ba da fasfo ga masu son zuwa Rasha da ƙasashen da ke binta.

To, ga halin Kano a lokacin. Talaka na biyan haraji, makiyayi na biyan jangali. Manomi ya kawo gyaɗarsa, Hukumar Ciniki ce ke yanka farashi, tana saye ƙasa da abin da ake sayarwa a Turai, tana ajiye rarar; buhuna kuwa ana ta jera su dala-dala kusa da tashar jirgi. Kotu da kurkuku da 'yan doka duk a hannun En'e suke. Wannan ne ya sa mutum takwas, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu, suka kafa NEPU ran 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama shugabanta cikin 1953. Takardar manufarta, wadda ake kira ta Sawaba, ta faɗa a fili cewa akwai jayayya ta aji tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, kuma wanda ya san rubuce-rubucen 'yan gurguzun Ingila zai ji ƙamshinsu a cikinta. Ke nan kafin Jam'iyyar Kwaminis ta zo, an riga ta shiga gonar da shekara goma.

Shekarar 1960 shekara ce ta zafin samari. Aka kafa Ƙungiyar Samarin Nijeriya, Dokta Tunji Otegbeye, likita a Ikko, yana shugabanta. Babban abin da suka sa gaba shi ne yarjejeniyar tsaro da Gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ƙulla da Ingila, wadda suke gani mulkin mallaka ne ya fita ta ƙofa ya komo ta taga. Cikin Nuwamba na shekarar ɗalibai suka yi zanga-zanga har majalisa a Ikko, aka ci gaba da matsa lamba har aka soke yarjejeniyar cikin Janairu 1962. Daga cikin 'yan wannan ƙungiya ta samari ne akasarin waɗanda suka kafa jam'iyyar Kano suka fito. Abin da ya raba su da 'yan'uwansu shi ne suna da lokaci. Manyan ƙungiyar ba su ɗauki sunan kwaminis ba, sai da suka yi shekara uku kafin su kafa jam'iyya, da suka kafa ɗin ma wani suna suka ba ta. Waɗannan kuwa suka ware tun da wuri, suka kira kansu da sunan da kowa ke gudu, a garin da ya fi kowane gari wuyar karɓarsa, Sarki Muhammadu Sanusi yana kan gado.

Da fari Jam'iyyar Kwaminis ta Ingila suka ɗauka abin koyi, ba mamaki kuwa, tun da Ingilishi suke karantawa, daga Landan kuma takardu ke zuwa. Amma da suka zo rubuta tsarin mulkin jam'iyya, sai suka ɗauko wanda kwaminis na Sin suka yi wa kansu cikin 1945, suka gina nasu a kansa. A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Wannan tsari na Sin an rubuta shi ne a babban taronsu na bakwai a garin Yan'an, lokacin da jam'iyyar ke da mabiya fiye da miliyan ɗaya, tana da rundunar yaƙi, tana mulkin yankuna masu faɗi, ta kuma yi fiye da shekara ashirin tana gwagwarmaya. A cikinsa ne aka ɗaukaka tunanin Mao ya zama ja-gorar jam'iyya. Rigar ƙato ce aka ɗinka wa ƙato. Ɗauko ta a sa wa jaririn da aka haifa jiya, ai ko tafiya ba zai iya ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Duk da haka akwai hankali a cikin zaɓin, don mu yi musu adalci: Marx ya dogara ga leburorin masana'antu, Mao kuwa ya dogara ga manoma, Jihar Arewa kuma ta manoma ce. Sai dai littafin da ya dace ba ya isa in babu masu kai shi ƙauye da harshen mutanen ƙauye.

Wani abu kuma ya same su wanda ba su ne suka jawo shi ba. A daidai lokacin da suke kafa jam'iyyarsu, gidan kwaminisanci na duniya ya soma tsagewa. Cikin damina ta 1960 Kurushof ya janye ƙwararrun Rasha daga ƙasar Sin. Cikin Nuwamba ɗin nan dai, jam'iyyun kwaminis 81 suka taru a Masko, wakilan Rasha da na Sin suka yi ta sa-in-sa, aka rufe taro da takardar sulhu wadda ba ta hana komai ba. Daga nan duk ƙasar da ke da 'yan kwaminis sai ka ga sun kasu, waɗannan na Masko, waɗancan na Sin, kowa na kiran ɗan'uwansa ɓatacce. Jam'iyyar Kano ba ta ƙulla zumunci mai ƙarfi da ko ɗaya daga cikin manyan biyu ba. Malamai za su gane nauyin wannan, domin a wurinmu wanda ya karanta littafi shi kaɗai a ɗaki, ba malami ba ijaza, kome kaifin basirarsa ba a zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Fatake ma za su gane, domin wanda ya sauka Gwanja ko Kumasi ba shi da mai masauki, ba mai tsaya masa, ba mai ba shi bashi. A siyasar wancan zamani, amincewar Masko na nufin kuɗin buga jarida, da gurbin karatu ga samari, da tikitin zuwa taron duniya. Wanda ba shi da ita sai ya yi da aljihunsa.

Cikin 1963 aka ga inda amincewar ta tafi. Dokta Otegbeye da Wahab Goodluck, shugaban ɓangaren ƙungiyoyin ƙwadago mai ra'ayin gurguzu, suka kafa Jam'iyyar Gurguzu ta Ma'aikata da Manoma, wadda ake taƙaita sunanta SWAFP. Tana da jarida mai suna Advance, tana da ƙungiyoyin ma'aikata a bayanta, Masko kuma ta karɓe ta. Mai hankali zai zaci 'yan Kano za su yi murna su shiga, tun da uwa ɗaya ta haife su. Ina! Sai suka fito suka yi tir da ita. Ita ma sabuwar ba ta tsira daga ciwon ba, domin cikin 1964 Imoudu da Eskor Toyo suka ja nasu mutane suka kafa Jam'iyyar Leba. Mutanen da ke kiran ma'aikatan duniya su haɗa kai, ga su kashi uku a ƙasa ɗaya, alhali duka-dukansu ba su da yawa. Wannan hali ba na kwaminis kaɗai ba ne, mu ma mun san shi a zaurukanmu: jama'a in ta yi kaɗan, ba ta da mulkin da za ta raba, sai ta koma rabon wane ne mai ingantacciyar aƙida.

Jarrabawa ta zo cikin Yuni 1964. Gwamnati ta naɗa kwamitin Mai Shari'a Morgan ya duba albashi, ta yi jinkirin fitar da rahotonsa, ma'aikata suka tafi yajin gama-gari ran 1 ga wata, suka yi kusan mako biyu. Jiragen ƙasa suka tsaya, tashar jiragen ruwa ta tsaya, ofisoshi suka rufe. Morgan ya ba da shawarar fam 12 a wata ga ƙaramin lebura a Ikko, aka daidaita a kan fam 10. A lokacin Kaduna ta riga ta zama garin ma'aikata. Masaƙar farko ta Kakuri, wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta soma aiki cikin 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, mutane daga kowane lardi suka cika unguwannin kudancin kogi. In da akwai ranar da annabcin Marx zai cika a ƙasar nan, to ranar ce. Amma da aka zo zaɓen ƙasa cikin Disamba na shekarar, ma'aikacin da ya bi shugaban ƙungiya wajen yaji sai ya koma ya jefa ƙuri'arsa ga jam'iyyar jiharsa. 'Yan gurguzu ba su sami kujera ko ɗaya ba. Lebura ya yarda da su a kan albashi, bai yarda da su a kan mulki ba.

Me ya hana abin kama ƙasa a Arewa? Babban dalili addini ne, ba kuwa jahilci ne ya sa mutane suka ƙi ba, labari suke da shi. Bukhara, garin Imamu Bukhari, da Samarkandu da Tirmiz duk suna ƙarƙashin mulkin Rasha a lokacin. A zamanin Stalin aka rufe mafi yawan masallatai da makarantu na can, aka ƙwace dukiyar waƙafi, masu zuwa hajji suka koma 'yan ƙalilan da hukuma ta zaɓa. Wani abin da zai taɓa masu karanta wannan shafi: mutanen ƙasashen nan da haruffan Larabci suke rubuta harsunansu, kamar yadda muke rubuta Hausa da ajami, sai aka sauya musu zuwa haruffan Rumawa wajen ƙarshen shekarun 1920, sa'an nan zuwa haruffan Rasha wajen 1940, har jika ya kasa karanta wasiƙar kakansa. Wanda ya zo Kano da sunan kwaminis, wannan kaya ne ya ɗauko a ka, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga kuma maganar dukiya. Kano garin ciniki ne tun kafin Turawa. Mai koli da ke yawo da tire burinsa ya buɗe rumfa, mai rumfa burinsa ya yi fatauci, kowa kuma ya san Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, da ƙaramin ciniki ya fara. Ka ce wa irin wannan mutum hukuma za ta karɓe ciniki, alhali abin da yake kuka da shi ke nan game da gyaɗa, ai ka kore shi. Shari'a ta tsare wa mutum abin da ya mallaka ta halal, ta tsara gado, ta wajabta zakka, ta haramta riba da ɓoye abinci don ya yi tsada, ta kuma tsananta a kan biyan ɗan ƙwadago haƙƙinsa. Bahaushe ya san gayya, ya san gandu, amma ran da aka gama gayya kowa ya san gonar wane ce.

Sai dai dalilin da ya fi ƙarfi a ganina shi ne NEPU. Duk abin da ɗan kwaminis zai faɗa game da zaluncin masu mulki, Malam Aminu ya riga shi faɗa, da Hausa, a bainar jama'a, da hujjar da malamai ba za su iya turewa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu sarauta cikin al'adun mulkin da ya yi jihadi a kansu. Ƙanensa Malam Abdullahi a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya nuna wa masu mulki iyakarsu. Wanda ke da waɗannan a hannu, me zai yi da littafin Yan'an? 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala, sun ci kujera 8 a zaɓen 1959, talakawa sun san su da fuska. Abokan hamayyarsu kuwa sun sha jifansu da kalmar kwaminis da ta rashin addini don a raba su da jama'a, wannan kuwa ƙazafi ne ga mutanen da yawancinsu almajirai ne da masu sana'a masu salla. Samuwar wata jam'iyya mai ɗauke da sunan a fili cikin Kano ba ta sauƙaƙa musu ba.

A ƙetaren iyaka abin ya fi muni. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar, wadda tushenta ya ɓalle daga jam'iyyar Diori Hamani, an haramta ta cikin 1959. Ita ta sami abin da 'yan Kano ba su samu ba, watau horon soja da taimako daga waje, har da ƙasar Sin. Cikin 1964 mayaƙanta suka shigo ƙasar da makamai aka murƙushe su, cikin Afrilu 1965 kuma aka jefa gurneti a filin Idin babbar salla a Yamai don a kashe Diori, ya tsira. Mutane da yawa suka hallaka, wasu suka daɗe a kurkuku.

Ƙarshen jam'iyyar Kano bai zo ta hannun En'e ko NPC ba. Ran 15 ga Janairu 1966 soja suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna a nan Kaduna, aka kashe Firayim Minista. Ran 24 ga Mayu Janar Ironsi ya fitar da dokokin da suka rushe jihohi suka kuma soke jam'iyyu da ƙungiyoyin siyasa 81. Sunan Jam'iyyar Kwaminis ta Nijeriya na cikin jerin, tare da NPC da NEPU da SWAFP ɗin da ta yi wa tir. Manya sun sake fitowa da sababbin sunaye bayan shekara goma sha biyu, ita kuwa ba ta sake tashi ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke cikin 1967, Rasha ta sayar wa Gwamnatin Janar Gowon jiragen yaƙi, daga baya ta karɓi aikin ginin masana'antar ƙarfe ta Ajakuta. Ta sami abokin hulɗa a fadar Gwamnati, buƙatarta ga ƙananan jam'iyyu ta ragu.

Abin da suka yi kuka a kansa kuwa, wani sashinsa ya biya ta wata hanya. Cikin 1978 Malam Aminu ya kafa PRP, cikin 1979 ta ci Gwamnan Kano da na Kaduna, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa, su kuwa suka soke haraji da jangali. Muna yara a lokacin, amma mun ga yadda dattawa ke faɗa wa juna labarin kamar ba su gaskata ba. Balarabe bai taɓa ɓoye ra'ayinsa na gurguzu ba, majalisar jiha kuwa tana hannun NPN, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta tsige shi cikin Yuni 1981. PRP ita ma ta dare biyu, 'yan taɓo suna tare da Malam, 'yan santsi suna tare da gwamnonin, Imoudu ɗin nan dai yana shugabantarsu. Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983.

Tarayyar Sobiyet ta rushe cikin Disamba 1991, Bukhara da Samarkandu suka koma cikin ƙasar Uzbekistan mai mulkin kanta. Ƙasar Sin kuwa jam'iyyar kwaminis ce ke mulkinta har yau, amma tun daga 1978 ta buɗe ƙofar ciniki da jari. Masaƙar farko ta Kakuri ta rufe cikin 2002, babbar masaƙar UNTL ta tsaya cikin 2007, dubban ma'aikata suka koma acaba da gadi da noma a bakin kogi. Wutar lantarki da tsadar man injin da fasa-ƙwauri duk suna da hannu a ciki, amma atamfar da ta cika Kantin Kwari bayan haka, yawancinta daga ƙasar Sin ake saro ta, fatakenmu kuma birnin Gwanzu suke zuwa da kansu su yi oda.

Wassalam.